Muryar da Aka Kulle

Kullum bayan Malama ta wanke kwanonin rana, ta kai wa maigidanta maganinsa ya sha, sai ta koma kicin ta jawo ƙofa, ta zauna a kujerar roba kusa da firij, ta buga wa kamfanin ruwa waya. Famfonta lafiya lau yake, kuma ba ta da ƙorafi a kan kowa. Wayar takan ɗan yi ƙara, sannan muryar namiji ta shigo, mai kauri da natsuwa.

"Barka da kira. Idan ruwa ne ya ɗauke a unguwarku, danna ɗaya. Idan bututu ne ya fashe, danna biyu. Domin magana da ma'aikacinmu, dakata kaɗan, kada ka ajiye."

Ba ta danna komai. Sai ta bar muryar ta yi ta maimaitawa har layin ya gaji ya yanke.

Muryar mijinta ce. Da ita yake cin abinci tun kafin su yi aure: tallar sabulu a rediyo, sanarwar tashar jirgin ƙasa, gaisuwar da ake ji idan an kira ofis. Yana da ɗan ɗakin aiki a ƙarshen baranda, tsohon sito ne da ya lulluɓe bangonsa da soso da tsofaffin barguna, ya sa tebur da makirufo da kwamfuta. Abokansa Mai Murya suke ce masa. Ita kuwa in suna su biyu Rediyo take kiransa, don tun da ta san shi ba ta taɓa gano inda ake kashe shi ba. Yana aski yana magana, yana cin abinci yana magana, in ta ce ya bar ta ta duba jarrabawar ɗalibanta sai ya zauna gefenta yana karanta amsoshin yaran da muryar labaran duniya, har dariya ta hana ta riƙe biro.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya sulale ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafar dama ta dawo kaɗan kaɗan, har yana takawa da sanda. Hannun dama bai dawo ba. Likita ta ce hankalinsa garau yake, yana gane duk abin da aka faɗa, kalmomin ne ke ɓacewa a hanya tsakanin kai da baki. Abin da ya rage masa shi ne "to", da "a'a", da "madalla". Wannan ta ƙarshen ita ce ta maƙale masa. In shayi ya yi daɗi, madalla. In ya yi sanyi, madalla. Ranar da aka gaya masa rasuwar babban amininsa, hawaye na zuba, bakinsa na rawa, madalla ya ce, sannan ya kai wa cinyarsa duka da hannun hagu saboda takaici.

Malama ta yi ritaya daga koyarwa ta zauna da shi. 'Ya'yansu sun watse, kowa da inda neman abinci ya kai shi, Auta ce kawai ke kira kusan kullum. Malama ba ta gajiya da hidimarsa, kuma tana gode wa Allah da ya bar mata shi. Shirun gidan ne ba ta saba da shi ba. Agogon bango da ba ta taɓa jin bugunsa ba yanzu shi ke cika falo.

Rannan da ta buga layin kamfanin ruwa, sai wata budurwa ta amsa, murya siririya, tana sauri kamar ana korarta. Malama ta duba lambar, ta sake bugawa. Budurwar ce dai. Ta danna wajen magana da ma'aikaci, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mutumin da ke magana a layin nan da, ina yake?"

"Wane mutum, Mama?"

"Wanda ke cewa a danna ɗaya."

"Oho, ai an sabunta tsarin ne. Akwai matsalar ruwa a wajenku?"

Ta ce babu, ta yi godiya, ta ajiye.

Washegari yana barcin rana ta buɗe ɗakin aikinsa. Warin soso da ƙura ya tare ta. Makirufon na nan da rigarsa ta baƙin yadi, kofin da yake kurɓar ruwan ɗumi kafin ya fara ɗauka na nan a kife. Ta goge kwamfutar da gefen zaninta, ta jona caja, ta jira. Da fuskar ta kawo haske sai ga ƙaramin hotonsa yana dariya, a ƙasa kuma ɗan akwati fari yana jiran kalmar sirri.

Ta sa sunan babban ɗansu. Akwatin ya girgiza kamar mai cewa a'a. Ta sa na Auta, ta sa shekarar aurensu, ta sa sunan mahaifiyarsa. Daga ƙarshe, tana jin kunya kamar wani na kallonta, ta sa nata. Shi ma akwatin ya girgiza. Ta rufe kwamfutar, ta ce a ranta to ai ba komai, wa ya ce dole sai sunanta. Amma har ta gama yanka albasar yamma abin bai bar ranta ba.

Da Auta ta kira ta ba ta labari.

"Mama, ki tambaye shi mana. Ki ba shi biro ya rubuta da hagu."

"Ke dai ba ki nan ne. Sunansa ma in zai rubuta sai ya tsaya a tsakiya."

"To ki kai wa masu gyara. Amma ki ja musu kunne, kada su goge komai."

Shagon gyaran na bene na farko, saman wani kantin magani, a titin da motocin haya ke juyawa. Ɗaki ne ƙunci, kantoci biyu cike da kwamfutoci a buɗe kamar marasa lafiya a kan gado, fanka na juyawa a kusurwa. Mai gyaran mace ce, za ta yi sa'ar babbar 'yar Malama, tabarau rataye a wuyanta, ɗan sukundireba soke a aljihun rigarta. Ta saurari bayanin har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Ana iya buɗewa, Mama, in aka yi sa'a. Amma ta waye?"

"Ta maigidana."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To ki yi haƙuri, sai na gan shi. Ba wai ban yarda da ke ba ne. Ni dai ba na buɗe abin mutum a bayan idonsa. Na taɓa yi, sai da na zama shaida a rikicin da ba nawa ba."

Malama ta ce mata ai ba ya magana. Mai gyaran ta ce in yana iya gyaɗa kai ya isa.

Da yamma ta sa kwamfutar a kan teburin falo, ta zauna a hannun kujerarsa. Ya dubi kwamfutar, ya dube ta.

"Baban yara, na shiga ɗakinka ban tambaye ka ba. Ka yafe ni."

"To."

"So nake a buɗe ta. Ina son in ji abubuwan da ka ɗauka."

Ya kau da kai wajen taga. "A'a."

Ba ta yi niyyar gaya masa zancen layin ruwa ba, amma sai ta ji bakinta ya fara. Ta gaya masa yadda take rufe ƙofar kicin, da yadda ta haddace inda yake jan numfashi kafin ya ce bututu, da budurwar da ta zo ta maye gurbinsa. Tana faɗa tana dariya don kada abin ya yi nauyi, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Can ya jawo kwamfutar da hannun hagu, ya buɗe. Ya ɗaga hannun daman da na hagun, ya ɗora shi a kan madannai, ya zuba masa ido. Sai a lokacin Malama ta gane. Shekara da shekaru yatsun nan ne ke buga kalmar da kansu kowace safiya, ba tare da ya tuna ba. Kalmar na cikin hannun da ya mutu. Ya gwada da yatsa ɗaya na hagu, ya danna harafi, ya tsaya, ya goge. Gumi ya tsatso masa a goshi.

"Bari," ta ce. "Akwai wata yarinya da ta ce za ta iya. Sai dai tana son ganinka."

Da safe ta same shi ya riga ta shiryawa, ya sa rigarsa mai ruwan toka wadda yake sawa in zai je ganin manyan kamfani, maɓallan sun hau juna ba daidai ba. Ta gyara masa su.

Matakalar shagon ta ba su wahala. Yana hawa yana hutawa, ita tana bayansa da kwamfuta a jaka, mai kantin magani na riƙe da sandar. Mai gyaran ta share kujerarta ta ba shi, ta durƙusa daidai fuskarsa.

"Baba, kwamfutar nan taka ce?"

"To."

"Ka yarda in buɗe ta a gaban Mama?"

Ya dubi Malama, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. "Madalla."

Mai gyaran ta saki baki tana kallonsa. "Tsaya. Baba, ba kai ne na tashar jirgi ba? Mai cewa a tsaya bayan layin rawaya?"

Ko a kalma ɗayar nan kaurin muryar na nan. Ya gyaɗa kai, ya gyara zama, har da ɗaga haɓa.

"Duk shekarun da na yi ina zuwa makaranta kai ke gaya mini na makara," ta ce, tana sa tabaranta.

Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Ta ce masu ƙera ta sun bar mata wata ƙofa ta baya saboda ranar da ta rikice, su masu gyara rikabari suke ce mata. In an shiga ta nan, kwamfuta ba ta tambayar kowa kalmar sirri, domin ba ta gama farkawa ba.

"Amma in gaya muku gaskiya tun yanzu. Idan Baba ya sa wa ma'ajiyar kanta makulli, ba ƙofar gaba kaɗai ba, to ko na shiga ba abin da zan gani. Babu mai iya buɗewa sai da tsohuwar kalmar."

Malama ta juya wajensa. "Ka sa?"

Ya ɗaga kafaɗar hagu. Bai sani ba, ko ya sani ya manta.

Mai gyaran ta danne madannai biyu da yatsunta, ta kunna, ta ci gaba da dannewa. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta daɗe a haka. Malama ta ji ƙarar fanka da hon ɗin motoci a ƙasa. Sai wani allo ya fito wanda ba ta taɓa gani ba, ba hoto, ba kwalliya. Mai gyaran ta buɗe wata baƙar taga, ta rubuta gajeren layi, ta danna. Rubutu farare suka gangaro. Ta matso da fuskarta tana karantawa.

"Bai kulle ma'ajiyar ba. Komai na nan."

Malama ta sauke numfashi. Sannan ta tambayi abin da ke cin ta tun rannan.

"'Yata, za ki iya ganin mece ce kalmar?"

"A'a, Mama. Ita kwamfutar ma ba ta ajiye ta yadda za a karanta. Abin da zan iya kawai shi ne in cire tsohuwar in sa sabuwa. Da na sa, waccan ta tafi ke nan."

Malama ta dubi hannun daman mijinta da ke kwance a cinyarsa. Ta ce a sa.

Mai gyaran ta juyo da kwamfutar gabansa, ta ce mai abu ne zai zaɓa. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya daɗe yana shawagi. Malama ta kau da kai don ta ba shi sirrinsa, sai ya taɓa ta da gwiwar hannu, ya nuna mata ta kalla. Harafi ɗaya ya danna, ya sake danna shi, ya sake, har akwatin ya karɓa. Mai gyaran ta yi dariya ta ce wannan ko kyanwa ta taka za ta buɗe, amma ba laifi tunda ba fita da ita ake yi ba. Kafin su tafi ta kwafe musu duk fayilolin a wata 'yar ma'ajiya kamar ɗan yatsa, ta ce a ajiye ta wani wuri daban.

A gida Malama ko mayafi ba ta cire ba ta kunna na farko. Tallar man girki ce. Muryar ta cika falon, ta fi ta waya faɗi da zurfi, har ana jin ɗan murmushin da ke cikinta. Ta juya don ta ga fuskarsa, sai ta ga ya runtse ido, yana kaɗa hannu.

"A'a. A'a."

Ta kashe.

Daga ranar sai ta mayar da kwamfutar kicin, kan firij. Tana girki tana ji a hankali: sanarwar jirgi, tallar katifa, gargaɗin a wanke hannu. Kwana da kwanaki tana haka. Wani lokaci ta tsaya da ludayi a hannu har miya ta kama. Amma ta lura da abu biyu. Na farko, muryar nan ta kowa ce. Da ita yake yi wa duk gari magana, a goge take, ba tangarɗa, ba ita ce ke tsokanarta a kan jarrabawar yara ba. Na biyu, in ta fito da abinci sai ta tarar ya juya kujerarsa ya ba ƙofar kicin baya. Ya daina ɗaga kai in ta shigo. Sai ta fara jin kamar wani baƙo ta shigo da shi gidan, saurayi mai lafiya da zaƙin baki, tana hira da shi a kicin mijinta na zaune a falo. Ta ƙudurta za ta mayar da kwamfutar ɗakin soson ta rufe.

Ranar da za ta mayar, tana neman wajen kashewa, hannunta ya faɗa kan wani babban fayil mai tarin faya-fayai a ciki, wanda ya sa wa suna "shara". Ta buɗe ɗaya don ta ga ko abin gogewa ne.

Gyaran murya aka fara ji, da ƙarar kujera. Sannan shi.

"Barka da kira. Idan ruwa ne ya ɗauke a ungur... a ungu... kai. Sake." Ya kurɓi ruwa. "Barka da kira. Idan bututu ne ya ɗauke... bututu ba ya ɗaukewa, malam, fashewa yake yi. Sake."

Malama ta zauna a kujerar roba. Ba ta taɓa sanin yana tuntuɓe ba. Abin da ke fitowa daga ɗakin nan kullum a wanke yake zuwa. Ashe wanda bai yi ba nan yake zubawa, kuma bai taɓa gogewa ba.

A cikin faifan wani inji ya tashi da ƙara daga nesa. Aka ji ya buɗe ƙofa.

"Malama! Don girman Allah injin markaɗen nan. Minti biyar kawai nake roƙo."

Daga can nesa wata murya ta amsa, tata, ba a jin kalmomin sosai. Ya rufe ƙofa, ya dawo kusa da makirufo, ya rage murya kamar mai ba da labarin sirri.

"Jama'a masu saurare, kun ji ta ko? Ta ce in na iya cin tumatir ɗanye a kashe. Wannan ita ce gwamnatin da nake ƙarƙashinta. Kuma in aka sake zaɓe ita zan zaɓa. To. Sake."

Malama ta toshe baki da gefen mayafi. Ba ta ji takun sanda ba sai da inuwa ta rufe ƙofar kicin. Yana tsaye, ya jingina da bango, kafaɗunsa na girgiza. Da farko ta ɗauka kuka yake, ta miƙe za ta kashe. Ya ɗaga sandar ya tare ta. Dariya yake, da rabin fuska, hawaye na bin ɗaya rabin.

Ta jawo masa kujerar, ita ta zauna a kan bokitin da ta kife. Ya nuna kwamfutar da haɓa, ta kunna na gaba. A wannan atishawa ta kama shi a tsakiyar tallar turare. A na bayansa ya yi ta faɗa da wata doguwar kalma ta sunan magani, yana rarraba ta gaɓa gaɓa kamar ɗan aji ɗaya, yana zagin wanda ya raɗa mata suna. Malama ta saci kallonsa, ta ga leɓɓansa na motsi suna bin gaɓoɓin, ko da yake sauti bai fito ba. Da ta kai hannu za ta kunna wani, sai ya dafa hannunta.

"A'a," ya ce, ya nuna tukunya.

Shinkafar ta riga ta kama. Suka ci ta haka nan, da ƙauri.

Maganarsa ba ta dawo ba. Likita ta ce bin faifan da baki abu ne mai kyau, a ci gaba, kuma cikin watanni ya ƙara 'yan kalmomi, ba su da yawa, wasu ma in sun zo yau gobe sun tafi. Kwamfutar ta zauna a kan teburin kicin. Tallace-tallacen da suka fito a wanke ba su ƙara kunna su ba. Na sharar kuwa sai suna tare, bayan abincin rana, kuma shi ke danna madannin da yatsansa. Ba ya yarda a wuce ɗaya ko biyu a zama guda. Malama ta taɓa gangarawa ƙasan jerin don ta ga yawan da ya rage, ta ga suna da yawa amma suna da ƙarshe, daga nan ba ta sake dubawa ba.

Wani lokaci faifan duk aiki ne, ba wasa a ciki. Wani lokaci kuma sai ya kira ta daga cikin ɗakin soson, yana tambayar ina ta ajiye masa tabarau, ko wa ya zo ɗazu. Tata amsar ta wancan lokacin ba ta fitowa sosai, bango da barguna sun shanye ta. Sai ta tsinci kanta tana amsawa a nan kicin, a hankali, tana share tebur.

"Yana kan goshinka, malam."

Shi kuma a kujerar roba sai ya kai hannun hagu ya shafa goshinsa.